BABI NA HUƊU: FAƊA DA RASHIN DAIDAITON GIRMA TSAKANIN KIFAYEN KIWO A ƘASAR TALATAR MAFARA DA BAKURA DA MARADUN

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren wuraren da ake kiwon kifi a cikinsu da kuma kayan aikin da sana'ar take buƙata. Shi kuwa wannan babi zai dubi matsala guda ɗaya ce, wadda da wuya a sami mai kiwon kifin da bai taɓa yin karo da ita ba. Matsalar ita ce yadda 'ya'yan kifin da aka zuba rana ɗaya, masu kai ɗaya, sukan rarrabu bayan 'yan makonni, wasu su zama ƙatti wasu kuma su tsumbure, sannan manyan su koma cizon ƙananan, har ta kai ga haɗiye su. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa faɗan da rashin daidaiton girman a sarƙe suke da juna, kowannensu yana haifar da ɗan'uwansa, kuma mafi yawan maganinsu yana hannun mai kiwo ne. An fi mayar da hankali a kan tarwaɗa domin ita aka fi kiwo, amma an kawo misalin karfasa da na wani kifin ado mai suna gurami domin kwatanci.

4.1 Daga Su Zuwa Kiwo

Su tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau, ya biyo ne ta ƙasar Maradun da Talatar Mafara da Bakura kafin ya je ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. A wannan gulbi da fadamunsa, da kuma tafkuna irin su tafkin Natu na ƙasar Bakura, Sarkawa suka daɗe suna kamun kifi, ko kihi kamar yadda ake faɗi a karin harshen Zamfara, ta hanyar amfani da koma da taru da birgi da mamari da gora, a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Ruwa.

A shekarar 1978 aka kammala ginin madatsar ruwa ta Bakalori a kan wannan gulbi. Tafkin da ta tara ya mamaye kimanin kadada 8,000, kuma yana ɗaukar ruwan da ya kai kimanin kubik mita miliyan 450. Daga nan ake tura ruwa ta magudanai zuwa gonakin noman rani da ke cikin ƙananan hukumomin uku. Madatsar ta samar da sabon wurin su a cikin tafkin, amma kuma ta rage ambaliyar da takan cika fadamun da ke ƙasa da ita da damina, alhali a cikin irin wannan ambaliya ce kifi yake hayayyafa. Adams (1985) ya nuna cewa kamun kifi ya ja baya a garuruwan da ke ƙasa da madatsar bayan gina ta.

Shi kuwa kiwon kifi baƙon abu ne idan aka kwatanta shi da su. Gonar kifi ta Panyam da ke jihar Filato ta yanzu, wadda aka kafa a 1951, tana cikin na farko a arewacin Nijeriya. Amma kiwon tarwaɗa bai yaɗu a gidajen jama'a ba sai daga wajen shekarar 2000, lokacin da ƙyanƙyasar kifi ta hanyar allura da abincin buhu suka wadata, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kiwon wannan kifi. A yau ana iya kiwonsa a kududdufin da aka haƙa a gefen gona, ko a kwamin siminti, ko a tankin roba, ko a tamfol a tsakar gida. Matsalar tsaron da ta addabi jihar Zamfara tun daga wajen 2011 ta sa nisa da gari ya zama abin tsoro, don haka sana'ar da za a iya yi a cikin gida ta ƙara daraja.

Abin lura a nan shi ne, ilimin da masunci ya gada ilimi ne na kifin gulbi. A gulbi idan babban kifi ya kori ƙarami, ƙaramin yana da ciyawa da rami da faɗin ruwan da zai tsere. A kwami kuwa bango huɗu ne suka kewaye su, kuma duk abincinsu daga hannu ɗaya yake fitowa. Wannan sauyin muhalli shi ne tushen matsalar.

4.2 Ma'anar Faɗa da Rashin Daidaiton Girma

Faɗa a nan ana nufin duk wata kora ko cizo ko karo da kifi zai yi wa ɗan'uwansa, ko dai a kan abinci ko a kan wurin zama. Mafi munin matakinsa shi ne cin juna, wato kifi ya cinye ɗan jinsinsa. Rashin daidaiton girma kuwa shi ne a sami kifayen da aka ƙyanƙyashe lokaci ɗaya sun bambanta ƙwarai a tsawo da nauyi. Yawanci sukan kasu kashi uku. Akwai 'yan kaɗan da suka yi wa saura fintinkau, waɗanda a wannan aiki za a riƙa kira masu zarra. Akwai matsakaita, su ne mafiya yawa. Sannan akwai tsumburarru, waɗanda suke ci amma ba sa yin gaba. Zaman waɗannan rukunai uku a wuri ɗaya shi ne irin zaman da Bahaushe yake kira kashin dankali, babba a kan ƙarami.

4.3 Halin Tarwaɗa

Tarwaɗa, wadda masana kimiyya suke kira Clarias gariepinus, kifi ne maras ɓawo, mai faɗin kai da faɗin baki da gashin baki guda takwas waɗanda take laluben abinci da su. Tana cin kusan duk abin da ta samu, tun daga ƙwari da tsutsa da kwaɗi har zuwa wasu kifaye, kuma ta fi kuzari da dare. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai wadda take shaƙar iska da ita kai tsaye idan ta taso saman ruwa. Wannan ne ya sa take jure zama a ruwan da wasu kifaye za su mutu a cikinsa, kuma shi ne ya ba masu kiwo damar tara ta da yawa a ƙaramin wuri. Wato baiwar da ta sa kiwonta ya yi sauƙi ita ce kuma ta jefa ta cikin cunkoson da halinta na farauta yake bayyana. Haka abin yake ga ramboshi, da kuma barbarar da ake samu idan aka haɗa shi da tarwaɗa.

4.3.1 Yadda Bambanci Yake Farawa

Idan ruwa yana da ɗumi, ƙwan tarwaɗa yakan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. 'Ya'yan sukan rayu a kan gwaiduwar da ke manne a cikinsu har kimanin kwana 3, sannan su fara neman abinci. Tun daga nan ake samun bambanci, domin ƙwai ba sa zuwa da girma ɗaya, ba sa fashewa a sa'a ɗaya, kuma wasu 'ya'yan sun fi wasu zafin nama wajen kai wa abinci cafka. Wanda ya riga samun loma yau, gobe bakinsa ya ɗan fi faɗi, don haka zai iya ɗaukar ƙwayar abincin da ta fi ƙarfin bakin saura. A haka ɗan bambancin da ido ba ya gani a makon farko yakan zama tazara a mako na uku. Da zarar mai zarra ya haɗiyi ɗan'uwansa na farko kuwa, ya sami abincin da ya fi na buhu gina jiki, sai girmansa ya ƙara gudu, bakinsa ya ƙara buɗewa, waɗanda zai iya haɗiyewa su ƙara yawa.

4.3.2 Ire-iren Cin Juna

Hecht da Appelbaum (1988), a binciken da suka yi, sun rarrabe cin junan tarwaɗa zuwa iri biyu. Na farko yakan faru ne tun kifin yana ɗan mitsitsi, daga tsawon kimanin milimita 8. A nan maci yakan kama ɗan'uwansa ta wutsiya ya yi ta haɗiya har zuwa wuya, sannan ya yar da kan domin ya fi ƙarfin bakinsa. Na biyu yakan bayyana daga tsawon kimanin milimita 45, inda maci yake kama ƙarami ta kai ya haɗiye shi ɗungurungum.

Sanin wannan bambanci yana da amfani ga mai kiwo. Irin na farko yakan bar shaida, wato kawuna a gindin ruwa. Irin na biyu kuwa ba ya barin komai, ba gawa ba ƙashi, kuma shi ne ya fi faruwa a hannun wanda ya sayo 'ya'yan kifi masu tsawon yatsa ya zuba a kwaminsa. Alamominsa su ne raguwar yawan kifi ba tare da ganin mushe ba, da ganin wasu da tulun ciki tun kafin a ba da abincin safe, da farin tabon cizo a gadon baya ko gefen ciki, da yagaggiyar wutsiya ko gutsurarren gashin baki. Wani lokaci ma akan ga wutsiyar ƙarami tana leƙe a bakin babba.

4.4 Abubuwan da ke Rura Wutar Matsalar

4.4.1 Yunwa da Yadda Ake Ciyarwa

Yunwa ita ce babbar musabbabi. Abinci shi ne yake cin kaso mafi tsoka na kuɗin kiwo, don haka mai ƙaramin jari yakan rage shi, ko ya tsallake yini, ko ya koma ga dusa zalla wadda ba ta da isasshen sinadarin gina jiki. Tarwaɗar da ake kiwo tana buƙatar abincin da kimanin kashi 40 cikin 100 nasa sinadarin gina jiki ne, ƙanana ma fiye da haka. Idan ba ta samu a buhu ba, to za ta nema a jikin maƙwabcinta. Bayan yawan abinci, akwai kuma girman ƙwayarsa. Ana sayar da shi ne daki-daki, daga mai kama da gari zuwa milimita 2 da 3 da 4 da 6 har 9. Mai kiwon da ya dubi manyan kifayensa ya sauya zuwa babbar ƙwaya ya yanke wa ƙanana abinci ke nan, ko da kuwa yana ganin ya zuba da yawa. Haka kuma zuba abinci a kusurwa ɗaya yakan ba ƙarfafa damar mamaye wurin, raunana su tsaya daga baya sai an watse.

4.4.2 Yawan Kifi a Wuri Ɗaya

Wannan fanni yana da ɗan sarƙaƙiya. Ga 'yan ƙananan da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba, cunkoso yana ƙara cin juna domin haɗuwa tana yawaita. Amma ga waɗanda suka ɗan tasa, an lura cewa idan suka yi kaɗan a wuri mai faɗi, kowane ƙarfaffa yakan kama wani gefe ya mai da shi nasa, ya yi ta cizon duk wanda ya gitta. Idan kuwa suna da ɗan yawa, sai kare wuri ya gagara, su koma yawo tare. Saboda haka rage kifi ba kullum yake rage faɗa ba. Abin da ake so shi ne yawan da ya dace da ƙarfin ruwa da abincin da mai kiwo zai iya samarwa.

4.4.3 Haske

Tarwaɗa kifin duhu ce. Binciken da aka gudanar a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan a shekarun 2000 ya nuna cewa tsawaita haske yana ƙara mata zirga-zirga da cizon juna. Ke nan kwamin da aka bari a buɗe a tsakar rana, ko wanda aka kunna wa ƙwan lantarki har safe saboda tsoron ɓarayi, ya fi zama filin daga a kan wanda aka yi wa rumfa.

4.4.4 Ruwa da Yanayi

Kashin kifi da ragowar abinci sukan ruɓe su haifar da sinadarin amoniya, wanda yake kashe sha'awar abinci, kuma raunana ne suke fara jin jiki. Ta fuskar yanayi kuwa, tarwaɗa ta fi walwala idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos. A wannan yanki hunturun Disamba da Janairu yakan sanyaya ruwan tamfol da na tankin roba da dare har kifi ya rage ci, yayin da bazarar Maris zuwa Mayu takan zafafa shi fiye da kima. Duka biyun suna rage girma, amma ba sa rage shi daidai ga kowa. Waɗanda suke jan ruwa daga magudanan Bakalori kuma suna da ƙarin abin kula, domin ruwan yana iya shigowa da 'ya'yan kifin daji, ko da ragowar maganin feshi idan ya ratso gonaki. Don haka ya kamata a sa raga mai ƙananan idanu a bakin mashigar ruwa, a kuma guji ruwan da ya kwaranyo daga gona.

4.5 Kwatanci da Wasu Kifaye

4.5.1 Karfasa

Karfasa, wadda wasu suke kira gargaza, ba ta shahara da haɗiye tsaranta ba, amma ita ma tana fama da rashin daidaiton girma ta wata hanyar. Namijinta yakan share gurbi a gindin ruwa ya kori sauran maza, ita kuwa macen takan riƙe ƙwai da 'ya'ya a bakinta, ta ƙaurace wa abinci na tsawon kwanaki, don haka takan kasa namiji girma. Bugu da ƙari, karfasa tana fara haihuwa tun tana ƙarama, sai kududdufi ya cika maƙil da 'ya'ya, abinci ya kasa, kowa ya tsumbure. Maganin da aka sani shi ne kiwon maza zalla, ko kuma sakin tarwaɗa 'yan kaɗan a cikinsu domin su riƙa rage 'ya'yan. A nan halin da yake jawo asara a kwamin tarwaɗa ya zama abin amfani.

4.5.2 Gurami

Gurami kifi ne na ƙasashen kudu da kudu maso gabashin Asiya, irin su Indiya da Tailan da Indunusiya. Ƙananan nau'o'insa ana ajiye su ne a akwatin gilashi a cikin ɗaki domin ado, shi kuwa babban nau'insa, wanda yake iya kai tsawon santimita 70, ana kiwonsa domin ci a Indunusiya. Dalilin kawo shi a nan shi ne, shi ma kamar tarwaɗa yana da gaɓar shaƙar iska daga saman ruwa, kuma da yake gilashi ba ya ɓoye komai, abin da yake faruwa a duhun kwami ana ganinsa ƙuru-ƙuru a akwatinsa.

Namijin gurami yakan gina sheƙar kumfa a saman ruwa domin ƙwai, ya kuma ɗauki kewayenta a matsayin nasa. Idan aka haɗa maza biyu a ƙaramin akwati, sai ya zama kamar an haɗa zakaru biyu a akurki ɗaya. Wanda ya yi rinjaye launinsa yakan ƙara fitowa, shi yake fara cin abinci, shi yake girma. Wanda aka rinjaya kuwa yakan koɗe, ya maƙale a kusurwa, ya daina fitowa ci, har ya rame ko ciwo ya kama shi. Masu ajiye shi sukan magance haka ta hanyar haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku, da dasa ciyayin ruwa domin kada kifayen su riƙa hangen juna kullum, da watsa abinci a wurare daban-daban, da sauya tsarin duwatsu da ciyayi domin rushe iyakar da mai rinjaye ya shata. Idan duk wannan bai yi ba, sai a raba su. 'Ya'yan gurami ma ba sa girma daidai, kuma manyan sukan ci ƙananan idan ba a ware su ba. Darasin da wannan misali yake bayarwa shi ne, tsumburarren kifi sau da yawa tsoro ne ya hana shi ci, ko da abinci yana gabansa.

4.6 Hanyoyin Magancewa

4.6.1 Zaɓen Iri

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyara na farko yana wurin saye. Ya kamata a sayi 'ya'yan kifi masu kai ɗaya daga ƙyanƙyasa ɗaya, a kuma zuba su a faffaɗan baho a duba kafin a biya kuɗi. A yi hattara da mai babban kai da siririn jiki, domin alama ce ta tsohon kifin da ya tsumbure, wanda akan iya cakuɗa shi da sababbi. Haka kuma bai dace a ƙaro sababbin 'ya'ya a kan waɗanda suka yi makonni a kwami ba, domin yin haka tamkar kai musu abinci ne.

4.6.2 Tantancewa

Tantancewa ita ce ware kifaye gwargwadon girmansu, kuma ita ce babbar garkuwa. Saboda haka duk mai niyyar kiwo yana buƙatar wuri aƙalla biyu, in da hali uku, tun kafin ya sayo iri. A wurin ƙyanƙyasa akan tsame masu zarra a kai a kai, kusan kowane mako. Bayan an zuba a kwami kuwa, akan tantance duk bayan mako biyu a cikin wata biyun farko, sannan a riƙa jinkirtawa yayin da kifayen suka girma har haɗiye juna ya yi wuya. Ga yadda ake gudanar da aikin:

(a) A dakatar da abinci tun daren jiya, domin kifin da cikinsa yake cike ba ya jure taɓawa.

(b) A yi aikin da sassafe ko da yamma lis, lokacin da rana ba ta da zafi.

(c) A rage ruwa, a kwaso kifin kaɗan-kaɗan da raga mai laushi zuwa bahon da yake da ruwa.

(d) A raba su kashi uku, ko dai da ido da hannu, ko da rariya mai ramukan da ƙanana za su zurare manya su tsaya.

(e) A jiƙa hannu kafin a taɓa su domin kada a goge yauƙin da yake kare fatarsu, a kuma kula da ƙayar da ke gefen kai.

(f) A ƙirga kowane rukuni a rubuta a littafi tare da kwanan wata.

(g) A jinkirta ba da abinci na wasu sa'o'i har sai sun natsu.

Ya kamata a san iyakar abin da tantancewa take iya yi. Wani binciken na Jami'ar Wageningen ya nuna cewa ware ƙanana daga manya ba lalle ne ya sa su kamo manyan ba, domin wani ɓangare na bambancin a jikin kifin yake. Amfaninta na haƙiƙa shi ne tana tsare rai, tana ba da damar ba kowane rukuni ƙwayar da ta dace da bakinsa, kuma tana sauƙaƙa ciniki, tun da dillalai da masu banda da masu gashi kowa da girman da yake nema. Yawaita ta fiye da kima kuma yana gajiyar da kifi, sannan duk lokacin da aka haɗa sabon rukuni sukan ɗan gwada ƙarfi kafin su zauna lafiya.

4.6.3 Tsarin Ciyarwa da Kula da Muhalli

Ƙananan kifaye suna buƙatar ci sau huɗu ko fiye a yini, manya kuma sau biyu, a lokutan da ba sa sauyawa. A watsa abincin ya game ko'ina, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan har sai sun rage rububi, domin raunana su sami rabonsu bayan ƙarfafa sun ƙoshi. Idan za a sauya girman ƙwaya, a cakuɗa tsohuwa da sabuwa na 'yan kwanaki. Da hunturu a jira rana ta ɗaga kafin abincin farko. A yi wa kwami rumfa da zana ko asabari, a sauya wani ɓangare na ruwa da zarar ya fara wari, a kuma cire duk kifin da ya ji rauni, domin sauran sukan taru a kansa.

4.7 Asarar da Matsalar ke Jawowa

Domin a ga girman asarar, a ƙaddara mutum ya zuba 'ya'yan tarwaɗa 1,000, a cikinsu akwai masu zarra 20. Idan kowannensu yana haɗiye ƙarami ɗaya duk bayan kwana biyu, to kullum ana rasa 10, a kwana 30 an rasa 300. Mai kiwo ba zai ga gawa ko ɗaya ba, kuma zai ci gaba da auna abincin kifi 1,000, ragowar ta ruɓe ta ɓata ruwa. Ranar kwasa, bayan wata biyar ko shida, zai ga 'yan ƙatti ya yi murna, sai an hau sikeli ya gane kallon kitse ya yi wa rogo, domin nauyin ƙattin 20 ba zai cike gurbin 300 ba.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Da yake kifin ya ɓace ba tare da shaida ba, zargi yakan faɗa kan yaron da yake ba da abinci, ko maigadi, ko maƙwabci, wani ma ya danganta abin da kambun baka. Ta haka zumunci yakan ɓaci a kan laifin da aka aikata a ƙarƙashin ruwa. Ƙirgar da ake yi a lokacin tantancewa ita take raba gardama, domin idan yawan yana raguwa tun kifin bai kai girman da ɓarawo zai yi sha'awa ba, to a cikin kwami mai laifin yake. Ga matashin da ya fara sana'ar da rance ko da kuɗin adashe, wannan sani yana iya zama abin da zai sa ya sake zubi na biyu maimakon ya naɗe tamfol ɗinsa.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda sauyi daga su zuwa kiwo ya tara kifaye a wurin da ƙarami ba shi da mafaka. An bayyana yadda ɗan bambancin kwanakin farko yake girma ya zama cin juna, da yadda yunwa da yawa da haske da ruwa suke ƙara tsananta shi. An kwatanta halin tarwaɗa da na karfasa da gurami, sannan aka kawo hanyoyin magancewa, waɗanda suka haɗa da zaɓen iri da tantancewa da tsarin ciyarwa. Babi na gaba zai dubi yadda ake sarrafa kifin bayan an kwashe shi, da kuma hanyoyin kasuwancinsa a wannan yanki.